Har Yaushe Za Mu Zauna Kifin Rijiya?

A taron majalisar Ƙungiyar Ɗalibai da aka yi kafin hutun da ya wuce, mu ɗaliban da muka fito daga Furana da sauran garuruwan ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan mun kawo shawara guda ɗaya tak. Muka ce a tsakuri wani abu daga cikin kuɗin da akan kashe wajen bikin makon ɗalibai, a haɗa da abin da kowa zai iya tarawa, a tashi ayari ya bi mota ta ƙasa, ya ratsa Kurmi ya gangara bakin teku, ya bi ta Kwatano da Lome har Ankara da Kumasi ta ƙasar Gana, sa'an nan ya komo. Ba mu rufe baki ba sai zauren ya kece da dariya. Wani ya miƙe ya ce shi bai zo jami'a don koyon yawon dandi ba. Wani kuma ya ce in dai tafiya ake so, a bari sai an sami mai ɗaukar nauyi a tafi Dubai ko London. Shugaban zama ya buga tebur, aka wuce zuwa batun wane mawaƙi za a gayyato da kaji nawa za a soya. To, tun da an hana mu baki a zaure, ga mu mun zo da alƙalami, domin kuwa maganar ta fi ƙarfin dariya.

Bari mu fara da tambaya. A cikin waɗanda suka yi dariyar nan, mutum nawa ne za su iya lissafa ƙasashen da ke tsakanin Nijeriya da Gana ba tare da sun leƙa wayarsu ba? Mutum nawa ne suka san cewa daga Ikko zuwa Ankara bai kai nisan Zariya zuwa Ikko ba, ko da yake sai an ƙetare iyaka uku? Amma ka tambaye su 'yan wasan ƙwallon ƙafa na Ingila, sai su jero maka su har da masu zaman benci. Alhali kuwa direban da ke lodin tumatir daga Ikara zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko, da yaron motarsa, da ɗan Makarfi ko Kudan mai kai rake da mazarƙwaila kudu, duk sun san inda ƙasa take sauya launi, sun san inda kuka da ɗorawa suke ƙarewa kwakwar manja ta fara, suna jin Yarbanci gwargwadon ciniki, wasunsu har da ɗan Faransancin tasha. Su ne muke kira jahilai in mun koma gida hutu da jaka a rataye. In aka auna sanin ƙasa da sanin mutane, wane ne jahili a tsakaninmu da su?

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, wannan hanya da aka raina ita ce ta gina rabin tarihinmu. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa Sarkin Nufe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro dubu goma, kuma a zamaninta ne goro ya fara shigowa ƙasar Hausa. Tun daga ƙarni na 15 ake maganar hanyar Gwanja. A ƙarni na 19 kuwa, ayarin fatake na ɗaruruwan mutane da jakuna yakan tashi daga Kano da Katsina da sauran birane, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi har a sauka Salaga. Suna kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su ɗauko goron da aka tsinko a kurmin Asante. Zuwa da komowa yakan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara. Ba su da taswira, ba su da banki, ba su da asibiti. Amana ce jarinsu, da harshe, da sanin yadda ake gaida sarkin garin da ba naka ba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari duk a kan wannan hanya suka yi suna.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, a fataucin goron Gwanja ya fara kafin gyaɗa ta ɗaukaka shi, kuma yana cikin waɗanda suka fara ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Malam Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya bi fatake har Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya zauna a Kete-Karaci, ya karantar, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausa har rasuwarsa a 1934. Wato dukiya da ilmi duka sun bi wannan turba. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sai hanya ta karkata kudu, aka kafa Sabo ta Badun a 1916, zangunan Shagamu da Agege suka cika. Shin waɗannan bayin Allah yawon dandi suka yi?

Kuma sawunsu bai goge ba. Duk babban garin da ka shiga daga Ikko zuwa Abijan, ka ce a nuna maka Zango, za a nuna maka. Akwai Zangon Kwatano, akwai na Lome, akwai Nima da Sabon Zango a Ankara, akwai zangunan Kumasi. In ka juya gabas ga Birikitari a Yawunde da Nubel a Duwala ta ƙasar Kamaru. Mutumin Ankara da safe kokon Hausa yake nema da ƙosai. Abincin da suke ji da shi, wanda suke kira wace, daga sunan wakenmu ya samo suna, tuwon zafi kuwa ko sunan ba su sauya ba. A waɗannan unguwanni Hausa ce harshen da ya haɗa Dagomba da Zabarma da Mosi da Kotokoli da Fulani. Muna da gado shimfiɗe tsawon gaɓar teku, mu kuwa magada muna nan muna gardamar kaji.

Sa'an nan ku dubi wanda ya ɗauki abin da muka yar. Tun daga Kilafaton da ya shigo Kano a 1824 ya rasu kusa da Sakkwato a 1827, da Barth wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarimu ya iso Kano a 1851, Turawa suke bin ayarin kakanninmu suna rubuta abin da suka gani. Har gobe ba su daina ba. Za ka ga ɗan Jamus ko ɗan Faransa sa'anmu, da jaka guda a baya da takalmin roba, ya matsu a kujerar baya ta motar haya tsakanin kwandon kifi da buhun gari, ya kwana a ɗakin kwana mafi araha, ya koma gida ya buga littafi. Bayan shekara biyar sai malaminmu ya sa mana littafin nan cikin jerin waɗanda za mu karanta, mu yi ta haddace ra'ayin baƙo game da maƙwabtanmu don mu ci jarrabawa. Ba mu ga laifin Baturen ba, shi ya motsa. Laifin namu ne da muka yarda sai an zagaya da labarin Kumasi ta London kafin ya iso Zariya. Wannan ma wani reshe ne na mulkin mallaka, kuma da hannunmu muke ba shi ruwa.

An ce babu kuɗi. Wannan ita ce hujjar da ta fi kama da gaskiya, saboda haka muka gwada ta da ƙafarmu. A hutun hunturun da ya wuce mu huɗu muka yi adashe na zango guda, muka sayar da abin da za mu iya sayarwa, muka tashi. Daga Zariya muka shiga motar 'yan kasuwa zuwa Ikko, muka kwana Agege wurin wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi. Daga nan muka hau ƙananan motoci zuwa iyakar Seme, inda muka tarar yawancin 'yan canjin da ke mai da naira sefa da Hausa suke ciniki. A Kwatano muka hau baburan haya masu rigar ɗorawa muka zaga kasuwar Dantokpa. Faɗin ƙasar Togo ta bakin teku bai fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, kafin hira ta yi nisa sai ga mu a Lome, iyakar Aflawo kuwa a jikin birnin take. A Gana muka riƙa bin ƙananan bas-bas da suke kira toro-toro. Guzurinmu garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari da dabino. A yawancin garuruwa ba mu biya kuɗin kwana ba, domin muna sauka sai mu nufi masallacin zango mu yi sallama, a kai mu wurin mai unguwa, ya bincike mu, ya duba takardunmu na makaranta, ya sa a ba mu tabarma a zaure. Ba mu ce tafiyar kyauta ce ba, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, naira kuma ta faɗi a gaban sefa. Amma abin da kowannenmu ya kashe bai kai kuɗin wayar da ke aljihun wasu daga cikin masu cewa babu kuɗi ba.

Me muka samo? Mu da muka tashi muna ganin goro a ɗaurin aure da zanen suna da bakin kakanninmu, ba mu taɓa ganin itaciyarsa ba sai a ƙasar Asante, inda wani tsoho ya fasa mana kwansonsa, ya nuna mana ganyen da ake naɗe shi a huhu don kada ya bushe kafin ya isa arewa. Mun shiga gonar koko, inda rana tsaka take kamar almuru don duhun itatuwa, muka ji daga bakin manoma cewa Gana da Kwaddebuwa suna noma fiye da rabin kokon duniya, amma 'ya'yansu ba safai suke ɗanɗana cakulan ba, domin a Turai ake sarrafa shi a kuma yanka masa farashi. Nan take muka tuna manomin tumatir na Ikara da yake kallon amfaninsa yana ruɓewa a kwando in kasuwa ta cika, alhali tumatirin gwangwani na ƙasashen waje ya cika kantuna. Ashe ciwon guda ne, ga shi kuwa mu da su ba mu taɓa zama mun kwatanta ba. Mun ga koguna da suka koma ruwan kunu saboda haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sai muka tuna Zamfara. Mun shiga kurkukun bayi na Elmina, ganuwar da mutanen Fotugal suka gina a 1482, muka tsaya a ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi. A nan jikinmu ya yi sanyi, domin mun san Salaga da muke alfahari da ita kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma fatakenmu ba su fita da hannu tsarkakakke daga wannan ciniki ba. Mun karanta wannan a aji, amma a aji bai hana mu cin abincin rana ba. Ran nan ya hana mu.

An ce akwai haɗari. Akwai, kuma ba za mu ɓoye ba. Ba mu manta rikicin kasuwar Shasha ta Badun ba a watan Fabrairu na 2021, ba mu kuma manta matafiya goma sha shida 'yan arewa da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, Allah ya ji ƙansu. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai zafi a Kurmi, akwai direbobi masu gudun ganganci. Amma mu tambayi kanmu, zaman gida ya tsare mu? A watan Maris na 2022 a tsakanin Abuja da Kaduna aka tare jirgin ƙasa, ba a gaɓar teku ba. Iyayenmu manoma suna fargabar zuwa gonakinsu a cikin jiharmu. Daɗin daɗawa, irin abin da ya faru a Shasha da Uromi rashin sanin juna ne yake hura wutarsa. Mutumin da bai taɓa ganin Bahaushe ba sai mai gadi da mai yankan farce da abin da aka faɗa masa a rediyo, shi ne yake saurin gaskata jita-jita. Mu ma nan haka muke da su, muna kiran mutane miliyoyi da suna guda na raini alhali ba mu taɓa shan ruwa a gidan ɗayansu ba. In masu ilmin kowane ɓangare suka noƙe a ɗakunansu, sun bar talakawan da neman abinci ya tilasta wa tafiya su kaɗai a bakin wuta. Haɗari dalili ne na yin shiri, a tafi a ƙungiya, a yi tafiyar rana inda ya yiwu, a yi rigakafin shawara a riƙe katinsa, a ɗauki gidan sauro, a kauce wa watannin Mayu zuwa Yuli da ruwa yake tsuga a gaɓar teku.

Yanzu bari mu juya ga manya, domin ba ɗalibai kaɗai ke da laifi ba. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko ran 28 ga Mayu, 1975. A 1979 shugabanni suka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Wannan a takarda ke nan. A kan hanya kuwa, mun gaji da ƙirga shingaye. A wata iyaka wani mai kaki ya juya fasfonmu ya ga babu hatimi ko ɗaya a ciki, sai ya ce sabon fasfo yana da kuɗin buɗe baki. Muka nemi rasit, ya ce mu koma gefe mu jira. Muka jira awa uku a rana, a gabanmu wata tsohuwa mai ɗauke da daurin busasshen kifi ta kwance bakin zanenta sau uku a tebur uku. Ba mu biya ba, daga bisani ya jefo mana takardunmu. Amma mu muna da lokacin jira da bakin gardama, ita kuwa kifinta ba zai jira ba. Wa zai rubuta labarinta in ba mu ba? Minista ba zai rubuta ba, shi ta sama yake wucewa.

Kuma tarihi ya nuna cewa wannan 'yanci na zirga-zirga abu ne mai saurin kuɓucewa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Yarbawa da Hausawa da yawa da aka haifa a can suka bar gidajensu da rumfunansu. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta rama, aka kori baƙi kimanin miliyan biyu, wajen rabinsu 'yan Gana, har jakar da suka zuba kayansu ta sami sunan da muke kiranta da shi yau ba tare da kunya ba. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar, wato Maraɗi da Damagaram, inda da yawanmu muke da dangi na jini, suka koma wajen shingen. Duk lokacin da shugabanni suka yi faɗa, ɗan tireda da mai goro ne suke kwana a bakin iyaka. Haƙƙin da masu ilmi ba sa amfani da shi, ba za su san ranar da aka ƙwace shi ba, balle su yi magana.

An kuma ce, to, 'yan'uwanmu mata fa? Mun ji wannan daga bakin mazan da ba su tambayi ko mace ɗaya ra'ayinta ba. Ayarin Gwanja da mata a cikinsa, suna dafa abinci suna kuma kasuwancin kansu, mahaifiyar Ɗantata ma a Ankara ta yi zaman ciniki. Abin da ake bukata shi ne yardar iyaye, da rakiyar malama ko wata dattijuwa, da masauki na mutunci, zangunan kuwa sun saba da wannan tun kafin a haife mu. Wanda bai amince ba, ba a tilasta shi ba. Amma kada a fake da mata a hana kowa.

Saboda haka muna maimaita shawararmu a nan, dalla-dalla. Na farko, Ƙungiya ta ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin makon ɗalibai ta buɗe asusun tafiya, a riƙa karanta lissafinsa a gaban majalisa. Na biyu, a zaɓi ɗalibai daga kowace tsangaya bisa ga abin da suka ce za su binciko, kada a zaɓa bisa ga abota: ɗalibin aikin gona ya duba koko da goro da kwakwa, na tarihi ya zauna da dattawan zango kafin su ƙare, na shari'a ya rubuta abin da ake yi a iyaka ya gwada shi da yarjejeniyar 1979, na harsuna ya saurari Hausar Kumasi da ta Ankara. Na uku, a rubuta wa sarakunan Hausawa da na zanguna da ƙungiyoyin ɗaliban jami'o'in Legon da Kumasi da Lome tun da wuri, a kuma gayyace su su zo su ga namu, mu sauke su a Makarfi lokacin rake. Na huɗu, duk wanda ya tafi ya komo da rahoto da Hausa a buga a wannan mujalla, domin direba da manomi su ma su karanta su gyara mana inda muka yi kuskure.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, kajin makon ɗalibai kwana ɗaya za su yi a ciki. Takardar digiri kuma, kamar yadda muke gani a wurin yayyenmu, ba ta da tabbacin aiki. Abin da mutum ya gani da idonsa, da mutanen da ya sani a garuruwa biyar, ba mai ƙwace masa, kuma sau da yawa shi ne yakan zama jari. Za mu sake kawo wannan shawara a zaman majalisa mai zuwa. Wanda yake da hujja ya zo da ita mu saurara, mu ma a shirye muke mu karɓi gyara. Wanda kuwa dariya ce kaɗai gare shi, muna roƙonsa kafin ranar ya je tashar mota ya sami yaron motar da ya dawo daga Ikko, ya saya masa shayi, ya zauna ya ɗauki karatu.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.